Tsakanin "current", "present" da "contemporary": wace ce ke nufin na yanzu?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai da sauran 'yan uwa na wannan zaure. Ina da tambaya a kan kalmar Turanci "current", wadda kullum muke fassarawa da "na yanzu". A jarida ɗaya sai in ga an rubuta "the current governor", a shafi na gaba kuma "the present administration", sannan a littattafan da muke karantawa a sashen tarihi ga "contemporary sources" ko'ina. Ƙamus ɗin da ke wayata ya ba ni ma'ana kusan iri ɗaya ga duka ukun. Shin bambancin na ado ne kawai, wato marubuci ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi, ko kuwa akwai wurin da in aka sa ɗaya a gurbin ɗaya magana za ta lalace? Mun yi musu da wata abokiyar karatuna a kan ko ana iya cewa "the contemporary governor of our state". Ita ta ce daidai ne, ni kuma kunnena bai amince ba, amma na kasa kawo dalili.

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, kunnenki bai yaudare ki ba, kuma zan fara da current tunda ita ce tushen tambayar. Kalmar ta shigo Turanci ne wajen shekarar 1300 daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga wani aikatau na harshen Latin, "currere", wanda ke nufin yin gudu. Ma'anarta ta farko ke nan, abu mai gudu ko mai malala, sai bayan kimanin ƙarni uku aka fara ɗora ta a kan lokaci. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, domin ita ce ta sa har yau Bature yake kiran ƙarfin gudun ruwan kogi current, yake kiran wutar lantarkin da ke bin waya current, sannan ya kira kuɗin da ke yawo a hannun jama'a "currency".

Saboda haka idan aka sifanta abu da current, ana nufin shi ne yake gudana a wannan lokaci, da shi ake aiki, akwai wanda ya gabace shi, kuma ana sa ran wani zai biyo bayansa. Gwamna yana da wanda ya gada da wanda zai gaje shi. Haka farashin shinkafa, haka adireshin mutum, haka fitowar mujalla ta wannan wata. Duk abin da ke cikin jeri irin wannan, current ce ta fi dacewa da shi, kuma Hausa tana da abin da ya yi wa "the current governor" daidai wa daida, wato gwamna mai ci.

Mai Fassarar Labarai:
Malam ya ɗora mu a kan hanya. Ni damuwata ba a Turancin take ba, a Hausar take, domin matasan da ke shigowa aikin fassara sun maƙale wa "na yanzu" har ta zama musu ita kaɗai ce amsa. Alhali kuwa sunan da current ta raɓa shi ne yake nuna Hausar da za a yi. "The current year" bana ce, ko shekarar da muke ciki. "The current situation" halin da ake ciki ne. "Current affairs" al'amuran yau da kullum ne, kuma duk mai sauraron rediyo ya san shirye-shiryen da ke ɗauke da wannan suna. "The current price" kuwa Bahaushen kasuwa cewa zai yi yadda ake sayarwa yau. Idan mai fassara ya ce "shekarar yanzu" ko "al'amuran yanzu", za a gane abin da yake nufi, amma za a kuma gane cewa Turanci yake yi da kalmomin Hausa.

Mai Hidimar Ƙasa:
Ranku ya daɗe, ni a ganina an tsawaita abin. Current ai sabo take nufi, wato abin da ya fito a baya-bayan nan. Idan na ce ina son "the current version" na wata manhaja, sabuwar nake nema, ba wadda ta kwana biyu ba. To me ya rage kuma?

Lauya:
Ƙanena, a misalin manhaja ka yi sa'a ne kawai, saboda a can sabuwar ita ce kuma ake aiki da ita, sai ma'anonin biyu suka haɗu. Amma bari in raba maka su da misalan da ba a yi musu a kansu. Kundin tsarin mulkin Nijeriya da muke aiki da shi ya fara aiki ne a ranar 29 ga Mayu, 1999, kuma duk lauya zai kira shi "the current constitution" ba tare da ɗar ba, ko da yake yaron da aka haifa a wannan shekarar ya isa ya yi aure ya haihu. Na Amurka ma an rubuta shi a 1787, ya fara aiki a 1789, kuma shi ne current a can har gobe, alhali babu mai hankalin da zai kira shi sabo.

Misalin da ya fi waɗannan fito da abin fili shi ne taken ƙasa. Nijeriya ta yi amfani da take ɗaya daga 1960 zuwa 1978, aka sauya shi da wani, sannan a watan Mayu na 2024 aka sa hannu a dokar da ta dawo da na farkon. To a yau "the current anthem" ya girmi "the former anthem" da shekara goma sha takwas. Da current tana nufin sabo, da wannan jimla ta zama shirme, amma ga ta nan lafiya lau. Idan sabo kake nufi, Turanci yana da "new", yana da "recent" don abin da bai daɗe da faruwa ba, yana da "latest" don na ƙarshen fitowa. Current ba ta tambayar shekarun abu, abin da take tambaya shi ne ko yana kan aiki.

Mai Hidimar Ƙasa:
Barista, misalin taken ƙasa ya kama ni, na sallama wannan. Amma ga wata: tsofaffin takardun naira da sababbin da aka fitar, waɗanne ne current a cikinsu, tunda ka ce ana cikin jeri ne, ɗaya na bin ɗaya?

Ma'aikaciyar Banki:
Duka biyun. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1000 a watan Disamba na 2022, aka sha wahalar da kowa ya sani, sannan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na 2023 cewa tsofaffin su ci gaba da aiki zuwa wani wa'adi, daga baya kuma aka cire wa'adin gaba ɗaya. Tunda ana karɓar kowanne a kasuwa, kowanne yana gudana, kuma a nan tsohuwar ma'anar da Malam ya ambata ce take aiki kai tsaye. Waɗanda ba current ba su ne fam da sule, da aka maye gurbinsu da naira da kwabo a farkon 1973.

Tunda an taɓo fagenmu, bari in ƙara cewa a banki kalmar tana da ma'anonin da suka zama na sana'a, waɗanda "na yanzu" ba ta kusance su ba. "Current account" ba asusun yanzu ba ne, asusu ne na hada-hadar yau da kullum wanda kuɗi ke shiga suna fita ba tsayawa, saɓanin asusun ajiya. Sunan da ake kiransa ke nan a Ingila da Nijeriya, Amurkawa kuwa "checking account" suke cewa. A lissafin kamfani, "current assets" su ne kadarorin da ake sa ran za su koma tsabar kuɗi cikin wata goma sha biyu, kamar hajar da ke sito da bashin da ake bin masu saye, "current liabilities" kuma basussukan da wa'adin biyansu zai cika cikin wannan tsawon lokaci. Masana tattalin arziki ma idan suka ce sun auna abu "at current prices", suna nufin da farashin shekarar da ake magana a kanta, ba tare da an cire tasirin hauhawar farashi ba, ko da shekarar ta wuce tuntuni. Wato ana iya samun "current prices" na 1990.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode ƙwarai, Hajiya. To Malam, ina matsayin present a cikin wannan? Domin har yanzu ban ga abin da zai hana in ce "the present governor" ba.

Malamin Turanci:
Babu abin da zai hana ki, daidai ce. A kan mutane masu riƙe da muƙami da kuma halin da ake ciki, kalmomin biyu suna shiga gurbin juna ba tare da asara ba, sai dai present ta ɗan fi nauyi a rubutu na hukuma. Inda suka rabu shi ne asali. Present daga "praesens" na Latin take, wato abin da yake gabanka, wanda yake nan. Ita ba gudana take nunawa ba, halarta take nunawa, kuma abokan hamayyarta biyu ne: a lokaci tana hamayya da abin da ya wuce da wanda zai zo, a wuri kuma tana hamayya da "absent". Shi ya sa ɗalibi yake amsa kiran suna a aji da "present", kuma ba zai taɓa amsawa da current ba.

Wannan fuska biyu ta haifar da wata ƙa'ida da ya kamata kowane mai rubuta bayanan taro ya riƙe. Idan present ta zo kafin suna, lokaci take nufi. Idan ta zo bayansa, wuri take nufi. "The present members" su ne waɗanda suke mambobi a yanzu, ko sun zo taron ko ba su zo ba. "The members present" su ne mambobin da suka halarta. Sakataren da ya rubuta "the present members voted in favour", alhali mutum bakwai ne suka zo cikin ashirin, ya rubuta cewa dukan ashirin ɗin sun amince, kuma irin wannan yana iya kai ƙungiya kotu. A lura kuma da furuci, domin idan sifa ce ko suna ana ƙarfafa gaɓar farko, idan aikatau ne mai ma'anar gabatarwa sai a ƙarfafa ta biyu.

Malamin Larabci:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Abin da ya ba ni sha'awa tun da aka fara wannan zance shi ne, duk wanda ya yi karatun Larabci ya riga ya san wannan rabe-rabe, sai dai bai san cewa ya sani ba. Balarabe yana cewa "ash-shahrul jari" idan yana nufin watan da ake ciki, kuma "jari" daga aikatau "jara" take, wato ya yi gudu ko ya gudana. Ita ce dai kalmar da ke cikin sadakatul jariya, sadaka mai gudana. Asusun bankin da Hajiya ta yi bayani ma "hisabun jari" ake kiransa. To wannan ita ce current, har asalin ma'anar bai bambanta ba. Present kuwa ita ce "hadir", wadda take nufin wanda yake nan a wuri, take kuma nufin lokacin da ake ciki, kamar dai yadda Malam ya bayyana. Daga tushenta ne Hausa ta samu halarta da hallara, inda harafin "dad" ya koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya koma a alƙali da alwala da lalura. Ta ukun da 'yarmu ta tambaya, contemporary, ita ce "mu'asir", daga "asr", wato zamani, kuma siffar kalmar a Larabci tana nuna tarayya, wato wani ne ya haɗa zamani da wani.

Mai Fassarar Labarai:
Allah ya gafarta Malam, wannan ƙarin ya yi armashi. Sai dai ina da ja a kan yadda muke neman mu ɗora komai a kan asalin kalma. Baturen da ke rubuta labari a yau bai san Latin ba, kuma ba ya tsayawa ya tambayi kansa ko abu gudana yake ko halarta ya yi. Ina karanta rahotannin kamfanonin dillancin labarai kullum, kuma ina ganin "current crisis" da "present crisis" a rahoto ɗaya, a kan rikici ɗaya. Ina tsoron kada mu kafa wa ɗalibai dokar da masu harshen ba su san da ita ba.

Malamin Turanci:
Ja ɗinka yana kan hanya, kuma ban ce asali doka ba ne. Na kawo shi ne don yana taimaka wa mai koyo ya tuna, amma hujja ta ƙarshe ita ce abin da masu harshen suka saba faɗi. To bari mu gwada da sabon. Suna cewa "current affairs", ba su cewa "present affairs". Suna cewa "the present tense" a nahawu, kuma ba za ka taɓa jin "the current tense" ba. Asusun banki ba ya zama "present account". Mai bincike idan yana nufin rubutun da ke hannunka zai ce "the present study", har ma ya kira kansa "the present writer", wato marubucin wannan takarda. In ya ce "the current writer" sai a zaci kujera ce ta marubuta da ake karɓa-karɓa, shi ne yake kai yanzu. Ka ga ashe ko Baturen bai san Latin ba, harshensa ya riƙe masa bambancin a wuraren da suka daskare. A tsakiya akwai fili mai faɗi inda duka biyun suke kiwo tare, kuma "crisis" ɗinka a nan take. A gefe da gefe ne kowace take da nata. Batun contemporary kuwa zan bar wa Malama, domin kayan aikinsu ne.

Malamar Tarihi:
Na karɓa, Malam. 'Yata, contemporary ta bambanta da sauran biyun ta wata hanya mai muhimmanci, wato ita ba ta da lokacin kanta, sai an jingina ta da wani abu. An gina ta ne daga "con", tare, da "tempus", lokaci, kuma ta shigo Turanci a ƙarni na 17 da ma'anar abin da ya yi zamani ɗaya da wani. Ma'anar "na zamaninmu" daga baya ta zo, a ƙarni na 19, kuma ita ma jinginawa ce, sai dai an jingina da mu masu magana.

Idan malaminki ya ce ki nemo "contemporary sources" a kan jihadin da aka fara a 1804, ba littattafan da aka buga bana yake nufi ba. Yana nufin abin da mutanen wancan zamani suka rubuta, kamar Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, ko bayanan Hugh Clapperton, wanda ya isa Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Bello, ya sake komawa ya rasu a can a 1827. Ɗalibin da ya fahimci kalmar a matsayin "na yanzu" zai kawo akasin abin da aka nema, kuma na ga wannan ya faru ba sau ɗaya ba. Haka nan idan aka ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Napoleon "contemporaries" ne, gaskiya aka faɗa, domin Shehu ya rayu daga 1754 zuwa 1817, Napoleon kuma daga 1769 zuwa 1821. Ba a ce sa'o'in juna ba ne, tunda akwai shekara goma sha biyar a tsakaninsu, ba a kuma ce sun san juna ba. Zamani kawai suka haɗa.

To inda babu wani zamanin da aka ambata, sai kalmar ta koma kan namu, kamar a "contemporary Hausa poetry" ko "contemporary issues". Amma ko a nan tana nufin zamani ne mai faɗi, na shekaru da dama, da salon da ya mamaye shi. Ba ta nuna mutum ɗaya da ke kan kujera yau. Wannan ne ya sa jimlar abokiyarki ta yi wa kunnenki nauyi, domin mai karatu zai tsaya yana jiran a gaya masa gwamnan ya yi zamani da wa. Da a ce kuna magana ne a kan wani sarki na shekarun 1970, aka ce "the contemporary governor", da ta zauna, amma da gwamnan wancan lokaci take nufi, ba mai ci ba.

Ina kuma gargaɗin ɗalibai a kan jimlolin da ke ɗaukar ma'ana biyu. "Contemporary views of the Sokoto Caliphate" tana iya nufin yadda mutanen ƙarni na 19 suka kalli daular, tana kuma iya nufin yadda masanan yau suke kallonta. Marubuci mai tausayin mai karatu sai ya ce "present-day views" idan na yau yake nufi, ko "views at the time" idan na da yake nufi.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga malamai. Mu da muka yi boko da Faransanci muna da namu ramin da ku ba ku faɗawa. A wurinmu shugaba mai ci shi ne "le président actuel", kuma "actuellement" tana nufin a halin yanzu. To ranar da ɗan Nijar ya fara rubuta Turanci, hannunsa da kansa zai rubuta "the actual president", alhali "actual" a Turanci na ainihi take nufi, sai jimlar ta koma kamar ana cewa akwai shugaban bogi ga kuma na gaskiya. Abin mamaki shi ne kalmar da ta haifi current tana nan a Faransanci, "courant", kuma muna amfani da ita a asusun banki, "compte courant", da wutar lantarki, amma ba ma ɗora ta a kan shugaba.

Ga kuma ƙari a kan bayanin Malama. A makarantunmu, zamanin da ake kira "contemporaine" a darasin tarihi yana farawa ne daga juyin juya halin Faransa na 1789, yayin da masu Turanci galibi suke fara "contemporary history" daga 1945. Ke nan ɗalibin Yamai da na Zariya suna iya amfani da kalma ɗaya, tsakanin abin da suke nufi akwai fiye da shekara ɗari da hamsin.

Tsohon Ma'aikacin Gwamnati:
Yara, kun tuna mini da zamanin da muke koyon rubuta wasiƙar ofis. A tsofaffin fayiloli za ku ga an rubuta "your letter of the 5th instant", wani lokaci a taƙaice "inst.", kuma abin da ake nufi shi ne wasiƙarka ta ranar 5 ga watan da muke ciki. Watan jiya "ultimo" ne, watan gobe "proximo". Wannan salo ya mutu, kuma ban yi kukan mutuwarsa ba. Amma akwai wata da ta ƙi mutuwa a ma'aikatunmu, wato "extant". Kowace takardar umarni sai ka ga "in line with extant rules". Ina so Barista ya gaya mana ko ita ma current ce ta sa babbar riga.

Lauya:
Baba, ranka ya daɗe, kusan haka ne. A Turancin Ingila "extant" tana nufin abin da ya tsira bai ɓace ba, kuma an fi ɗora ta a kan tsofaffin rubuce-rubuce, kamar a ce kwafi uku ne kawai na wani littafi suka rage a duniya. Dokar da aka soke tana iya zama extant da wannan ma'ana, tunda takardarta tana nan a ɗakin ajiya, amma ba current ba ce. Mu a nan mun mayar da ita ta zama dokar da ke aiki, kuma ta zauna a harshen hukuma har kotuna suna amfani da ita haka. A takardar da za ta fita waje dai ni "in force" nake sawa. "Instant" ɗinku ma ba ta mutu duka ba, Baba, ta ɓuya ne a kotu, inda alƙalai suke cewa "in the instant case", wato a wannan shari'ar da ke gabanmu.

Mai Hidimar Ƙasa:
Tunda an zo kan Turancinmu na gida, ina da biyu. Muna cewa "that man is very current" idan mutum yana bin labarai, ya san abin da duniya take ciki. Muna kuma cewa "I am presently serving in Jigawa". Wani ya taɓa gaya mini duka biyun kuskure ne. Ni kuma ina ganin tunda miliyoyin mutane suna faɗi kuma suna fahimtar juna, ba wanda ya isa ya kira shi kuskure.

Malamin Turanci:
Ba hukuncinsu ɗaya ba. "Presently" da ma'anar yanzu tsohuwar ma'ana ce, tun ƙarni na 15, kuma tana raye a Amurka da Sikotilan. A Ingila ne ma'anar "nan ba da jimawa ba" ta rinjaya, har wasu masu gyaran rubutu suka ɗauki ɗayar kuskure. Saboda haka jimlarka tana da gata, sai dai "he will come presently" tana nufin yana nan tafe, kuma wanda yake son kauce wa ruɗani sai ya yi amfani da "currently". Ta farkon kuwa tamu ce. Baturen Ingila zai ce mutum "well informed" ne ko "up to date". Amurkawa suna cewa "stay current", ko "he is current on his rent" ga wanda ba a bin sa kuɗin haya, amma "very current" a matsayin yabon mutum mai bin labarai, a nan aka raine ta. A hira ban hana ka ba. A takardar jarrabawa ko ta neman aiki kuwa ina ba ka shawara ka bar ta a gida.

Mai Fassarar Labarai:
A nan ina tare da ƙanenmu fiye da yadda nake tare da Malam. Turancin Nijeriya ya kai matsayin da manyan ƙamusoshin Ingila suke shigar da kalmominsa, kuma "very current" ba ta karya wata ƙa'idar nahawu ba, faɗaɗa ma'ana kawai ta yi, irin faɗaɗawar da ta mayar da mai gudu ya zama mai ci. Na yarda dai cewa mai duba takardar jarrabawa ba zai saurari wannan hujja ba.

Editan Mujalla:
Na jira a gama da ma'ana kafin in kawo abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wurin aiki. Current kalma ce mai saurin tsami kamar nono, domin tana ɗaure ne da ranar da aka rubuta ta, mai karatu kuwa yana karanta ta da ranar da ya buɗe shafin. A jaridar yau babu matsala. Amma littafin makaranta, ko kundin digiri, ko maƙalar da za ta zauna a intanet shekara goma, duk inda aka rubuta "the current president" ko "the current exchange rate" ba tare da shekara ba, an dasa ƙaryar da za ta tsiro daga baya. Littafin da aka buga a 2014 yana cewa "the current president of Nigeria" Goodluck Jonathan yake nufi, yaron da ya ɗauke shi a ɗakin karatu bayan Mayun 2015 kuwa wani mutum dabam zai fahimta. Abin da nake sa marubutanmu su yi shi ne su ambaci suna da shekara, ko su ce "as of March 2020". Idan kuma ana ba da labarin abin da ya wuce ne, "the then president" ake cewa, wato shugaban wancan lokaci. Hausa ma ba ta tsira ba, domin "mai ci" da "bana" suna lalacewa da irin wannan sauri.

Ɗalibar Tarihi:
Wannan ya shafe ni kai tsaye, domin a babin farko na aikin da nake rubutawa akwai "the current Emir" har wuri huɗu. Idan na sa sunan sarkin da shekarar da ya hau, shin sai in cire current ɗin gaba ɗaya, ko in bar ta tare da su?

Editan Mujalla:
Ki cire ta a ukun, ki bar suna kawai. A wuri na farko da kika ambace shi sai ki rubuta sunansa, da shekarar da aka naɗa shi, sannan ki ƙara "the Emir at the time of writing". Idan kuma a wani babin kina magana ne a kan sarkin da ya yi zamani da wani Razdan na mulkin mallaka, a can ne contemporary za ta yi miki aiki, amma ki tabbata kin ambaci Razdan ɗin a jimlar da ta gabata.